Da kwali da gwangwani za ka cika teburin yaƙinka, amma ka fara auna sojanka

Tambayarka dai in na fahimce ta daidai ita ce: ka shiga wasan yaƙi na ƙananan sojoji da ake jerawa a tebur, masu tsayin milimita 28, kuɗi duk sun ƙare a sayen sojojin da fentinsu, ga tebur kuma fayau ba kango ba tudu ba bishiya, shi ne kake tambaya ko za a iya haɗa waɗannan da tarkacen gida ko kuwa dole sai na kamfani, in kuma za a iya ta ina za ka fara.

To ɗan uwa za a iya mana, kai asali ma da tarkacen aka fara harkar nan. H.G. Wells, marubucin nan ɗan Ingila da ya fitar da dokokin wasan sojojin dalma a 1913, a ƙasan ɗaki suke bugawa shi da abokansa, manyan littattafai suka fara jerawa su zama shinge da tudu, daga baya suka koma katakai, kogi da alli ake zana shi, bishiya kuma ƙananan rassa ne ake karyowa a soka a hujin katako. Shi kansa kamfanin Games Workshop mai wasan sojojin tebur na Warhammer, a 1987 mujallarsu White Dwarf ta nuna tankar yaƙi da aka haɗa da robar turaren hammata da cokalin roba. Don haka kar wani ya raina maka kwali.

Abin da ke kashe aikin sabon shiga galibi rashin awo ne. Mutum ya zauna ya ɓata lokaci yana gina hasumiya mai kyan gaske, ranar wasa a ɗora ta a tebur sai a ga soja ba ya shiga ƙofar, in an ɗora shi a bene ya zame ya faɗo bindigarsa ta ɓalle, hannu kuma ba ya shiga ciki ya ɗauko wanda ya maƙale. Irin wannan ginin ado ne kawai, wasa kaɗan za a yi da shi a mayar da shi saman kabad. Saboda haka kafin ka taɓa wuƙa ka ɗauko soja ɗaya cikin naka, wanda ya fi kowa faɗin faifan da yake tsaye a kai, ka ajiye shi kusa da hannunka kar ya bar wurin har ka gama, duk abin da ka yanka ka gwada da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Sojan milimita 28 kusan 1:56 ne, wato duk abin da ka auna a duniya ka raba shi da 56. Ƙofa mai mita 2 za ta dawo milimita 36, amma ka tuna faifan gindin sojan yana ƙara masa tsayi kamar milimita 3, wasu ma ga hula ga bindiga a ɗage, to ka yi ƙofar 40 zuwa 45 a tsaye, 25 zuwa 30 a kwance. Su faifan yawanci 25 ne ko 32 ko 40, to duk inda kake so soja ya tsaya, baranda ce ko matakala ko saman katanga, kar ta gaza faɗin faifan nan. Tsakanin ƙasa da bene ka bar kamar inci 3, milimita 75 kenan, ba don sojan ba, don yatsunka. Katangar da za a laɓe a yi harbi ta bayanta 15 zuwa 20 ta isa, wadda za ta ɓoye mutum ɗungurungum kuwa sai ta haura 50, ta ɓoye tanka kuma sai 100 ko fiye. Ka leƙa littafin dokokin wasanka ma, don wasu wasannin suna da nasu awon na tsayin bene. In wata rana ka koma sojojin milimita 15 irin na wasan Flames of War, da 100 za ka dinga rabawa.

Wani abu kuma da mutane ba sa lura da shi, gidajen tebur ƙarya ake yi a girmansu da gangan. Gida mai faɗin mita 10 in ka bi lissafi zai ci kusan santimita 18, alhali sojan ƙasa a wasanni da yawa, har da Bolt Action, inci 6 yake tafiya a juyi ɗaya, santimita 15 kenan, ka ga gida ɗaya ya cinye tafiyar juyi guda har da ƙari. Shi ya sa ake matse faɗin gida zuwa santimita 10 ko 13 amma a bar ƙofa da taga da tsayi a awonsu na daidai, ido ba ya kamawa.

Nawa za ka gina? Teburin da aka saba ƙafa 6 ne da ƙafa 4, Warhammer 40,000 kuma tun 2020 sun rage nasu zuwa inci 44 da 60. Tsohon ma'aunin da 'yan wasa ke bi shi ne in ka tattara duk kayan wuri ɗaya su rufe kwatan tebur. Wasannin 'yan tsirarun sojoji irin su Necromunda na 1995 da Mordheim na 1999 da Frostgrave na 2015 sun fi haka son cunkoso, can kango ne kan kango. Ni a ganina ka fara da manyan abubuwan da ke tare ido guda shida ko takwas, don tebur in ba abin da ke tare ido to mai dogon harbi ne zai share kowa tun juyin farko, wasan ya lalace. Ganguna da akwatuna da sauran ƙananan kayan ado su jira tukuna, su ne masu daɗin yi, shi ya sa kowa ke farawa da su ya ƙare da tebur cike da ganguna ba wurin ɓuya.

Kayan aiki kuwa wuƙar yankan kwali mai reza da ake karyawa, rula ta ƙarfe, biro, tsohon burushi babba, samfefa, shikenan. Kwali iri biyu za ka tara, mai kauri mai ramuka a ciki na manyan kaya, shi ne ƙashin gini, da siriri mai santsi irin na kwalin man goge baki ko na takalmi, shi ne na bulo da rufi da firam ɗin taga. Fom ma iri biyu ne kuma bambancinsu babba ne. Akwai farin nan mai ƙwayoyi da ake tallafe talabijin ko firji da shi a kwali, EPS, kyauta kake samunsa amma yana marmashewa kuma in ba ka rufe shi ba ƙwayoyin suna tona masa asiri ko ka shafa fenti nawa. Akwai kuma XPS, wanda magina ke sawa a bango don tare zafi da sanyi, shuɗi ko ruwan hoda yawanci, shi ba ƙwayoyi, yana yankuwa sumul yana kuma ɗaukar zane, in ka samu ragowarsa a wurin gini ka riƙe shi da kyau. Sauran su gwangwani, murafun kwalba, tsinken sakace, ashana, bututun shan lemo, tsohuwar waya, faifan CD da ya mutu, soson katifa, garin katako, yashi, duk ka samu kwali ɗaya ka dinga jefawa.

Maganar gam sai ka natsu, nan ake asara. Farin gam na kafinta, PVA, shi ne uban tafiya, yana kama kwali da katako da yashi kuma ana tsinka shi da ruwa. Gam ɗin kyandir na bindiga shi ne na sauri, amma mai zafin sosai yana kaiwa wajen digiri 190, fom kuma daga wajen digiri 100 yake fara saki, to ka ga zai huda shi, sai dai ka nemi bindiga mai ƙaramin zafi ko ka bar gam ɗin ya ɗan huce a kan kwalin kafin ka manna. Supa gulu yana cin fom, fentin feshi na gwangwani ma haka saboda sinadarin da ke cikinsa yana narkar da shi, kana fesawa kana kallon tudunka yana zagwanyewa. Sannan in za ka manna fom da fom da PVA ka shafa shi siriri ka soka tsinken sakace ya riƙe, don iska ba ta shiga tsakaninsu, in ka labta da yawa cikin zai daɗe bai bushe ba. Robobi kuma ka juya gindinsu ka duba lambar da ke cikin alamar kibiyoyi uku: mai lamba 2 da mai lamba 5, yawancin murafun kwalba kenan, gam ba ya son kama su, sai ka goge su da samfefa sosai sannan ka sa na kyandir. Mai lamba 6 kuwa dangin robar sojojinka ce, gam ɗin haɗa sojoji ma yana kama ta.

Bari in bi da kai gini ɗaya daga farko har ƙarshe, kusurwar kango, don in ka iya shi ka iya rabin harkar. Ka yanko bango biyu a kwali mai kauri, kowanne tsawon santimita 15, tsayinsa 12 a wajen da za su haɗu, daga nan ya dinga gangarowa a karye a karye har ya dawo kamar santimita 3 a ɗaya ƙarshen. Kar ka yi karyewar a jere kamar haƙoran zarto, bango in ya rushe bin layin bulo yake yi, mataki dogo mataki gajere, wani wuri ya zube da yawa lokaci ɗaya. Taga ka huda ta milimita 15 da 20, gindinta ya tashi milimita 18 zuwa 20 daga ƙasa, ka tsayar da sojan nan a bayanta ka duba ko bakin bindigarsa yana leƙowa. Wuƙa kar ka danna ta da ƙarfi ka ce sau ɗaya za ka raba, ja uku ko huɗu a hankali a jikin rula ya fi fitar da baki mai kyau. Ka haɗa bangon biyu da gam ɗin kyandir su yi kusurwa, a milimita 75 ka manna 'yan siraran kwali a ciki su zama matokara, ka ɗora bene mai kusurwa uku a kai, wanda zai ɗauki soja uku ko huɗu.

Yanzu abin da ke hannunka kwali ne kuma kowa ya kalla zai ce kwali ne, saboda ramukan nan na baki. Su za ka fara kashewa. Ko ka bi duk bakin da tef ɗin takarda na masu fenti, ko ka cusa musu kwaɓin filar bango, ni na fi son tef ɗin don ba ya jiƙa kwalin. Sai bulo. Jan bulon Ingila milimita 215 ne da 65, in ka raba da 56 bai kai milimita 4 a tsawo ba, kaurinsa kuma ɗaya da ɗan ɗoriya, ba mai ganin wannan daga inda ɗan wasa ke tsaye, to ka yanka naka 10 da 5 a siririn kwali. Kuma don Allah kar ka ce sai ka jera bulo a bangon gaba ɗaya, za ka gaji ka watsar da aikin. Ka manna su a kusurwa, da gefen taga, da bakin inda ya karye, da ɗan faci biyu ko uku a tsakiya, sauran bangon ka shafe shi da kwaɓin PVA da fila da ɗan lallausan yashi, ka dinga dangwala burushin maimakon ja, ka bar kwaɓin ya ɗan hau gefen bulon. In ya bushe sai ya fito tamkar filasta ce ta ɓare bulon ciki ya bayyana. Benen kuma sandunan motsa kofi ko na askirim da ka tsaga za ka jera, ƙarshensu da hannu za ka karya kar ka yanka, tsagewar nan ita ake so, ka bar biyu ko uku su zarce bakin benen suna reto.

In XPS ka samu aikin ya fi haka sauƙi, da biro kawai za ka zana layin bulo kana ɗan dannawa, sannan ka dunƙule takardar alminiyom ta zama ƙwallo ka dinga murza ta a jikin bangon, tana barin tabo irin na dutse. Wasu bulon ka danna su ciki da gindin biro don kar su yi daidai da juna duka.

Sai tushen da ginin zai zauna a kai, kuma nan ne kusan kowa ke kuka. Ka yanka kwali ka shafa gam ka zuba yashi ka kwanta, da safe ka tarar ya kantare kamar busasshiyar fata, gefuna sun ɗaga sama gini yana rawa. Dalilin shi ne PVA ruwa ne a cikinsa, takarda ta sha ta kumbura, in yana bushewa kuma ya tsuke ya ja fuskar da aka shafa masa. Maganin, in za ka iya samun ragowar siririn katako na milimita 3, irin na bayan kabad ko MDF, wato allon da ake matsewa da garin katako, to shi ya fi. In kwali ne dole, ka manna biyu yadda ramukan ɗaya za su gitta na ɗayan, ka shafa gam ko fenti a fuska biyun don jan ya zo daidai, ka danne da littattafai masu nauyi har ya bushe ƙarau. Tushen kar ya wuce ginin da fiye da santimita 1 ko 2, ka kuma fereye bakinsa ya kwanta don kar ya zama dakali a tsakiyar fili. Ƙananan abubuwa kuwa faifan CD ya gama magana, santimita 12 ne kuma ba ya kantarewa, ka dai toshe hujin tsakiya da tef. Kango irin wanda muka gina ma in bangon ya yi kauri zai iya tsayawa ba tushe sam.

Yashi in ka ɗebo daga waje ka tankaɗe shi ya rabu uku, lallausa da matsakaici da 'yan tsakuwa, ka shanya ya bushe sosai don kar ya kawo maka fumfuna. Ka shafa PVA, ka fara yafa tsakuwar a gindin bango, sai matsakaicin, sai lallausan a ƙarshe ya cike giɓi. Ɓaraguzai kuma gutsattsarin fom da ragowar bulon kwali da karyayyun ashana da sandunan robar da ka ciro sojoji daga jikinsu, ka yayyanka ka tara su a jikin bango da lungu kawai, tsakiyar ɗakin ka bar shi a shafe. Na san kango na gaskiya ko'ina tarkace ne, amma soja mai faifai ba ya tsayuwa a kan tsibi. In ya bushe ka bi saman da PVA da ka tsinka da ruwa, kashi ɗaya gam kashi uku ruwa, da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa maimakon ya taru a sama, wannan ne zai hana yashin zuba duk sanda aka taɓa.

Fenti shi ne ke ɓatar da sawun tarkacen gaba ɗaya, kuma kar ka kuskura ka taɓa 'yan kwalaben fentin sojojinka masu tsada, akirilik mai araha na 'yan makaranta ko ragowar fentin bango na ruwa ya wadatar. Shafin farko baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu da ka gauraya da PVA, ka tura shi kowane lungu, shi ne ke rufe fom har ka iya fesa wani abu daga baya, kuma duk inda burushi bai kai ba nan gaba sai ya zama inuwa. Sai launin ginin, toka-toka ko ruwan ƙasa, ka shafa ba sai ya rufe ko'ina ba. Daga nan ka tsinka baƙi da ruwan ƙasa da ruwa mai yawa da ɗigon sabulu, ka kwarara a jikin ginin ya gangara cikin tsagogi, ka bar shi ya bushe sosai, kar ka yi gaggawa a nan. Na ƙarshe shi ne busasshen burushi: ka ɗebo fenti mai haske, ka goge shi a tsumma har ka ga kamar ba abin da ya rage, sannan ka dinga share saman ginin da sauri sama da ƙasa. Fentin bakin bulo da kan yashi kawai zai kama, a nan ne za ka ga abin ya tashi. Ka ƙara haske ka sake, wannan karon a kusurwoyi da saman bango kaɗai.

Dutse ba toka zalla ba ne, ka ɗan tsoma wasu bulon da ja-ja wasu da rawaya-rawaya kafin ka kwarara tsinkakken fentin, gindin bango kuma ka ɗan sa kore mai duhu inda damshi ke zama. Sannan launin ƙasa ɗaya za ka zaɓa wa duk tushen gine-ginenka, ka rubuta yadda ka haɗa shi a jikin murfin, in ba haka ba tebur zai fito faci-faci. Kuma ka bar kayan filin su fi sojojin dushewa, sojan ake so ido ya fara kamawa.

Tudu ba shi da wani dogon bayani sai abu ɗaya, ka yi shi hawa-hawa. Fom mai kaurin milimita 25, ka yanka babba ka ɗora ƙarami a kai, kowane hawa ya bar filin da faifai zai zauna. Tudu mai gangara sumul ya fi kyau a hoto amma sojan ƙarfe ko mai tuta kifewa zai yi ta yi. In farin fom ne ka lulluɓe shi da takardar bayi da tsinkakken PVA kafin yashi, tana ɓoye ƙwayoyin tana kuma ƙara masa tauri. Ɓawon itace busasshe in ka manna a gefe ka yi masa busasshen burushi, dutse sak.

Bishiya kuma tsohuwar wayar lantarki za ka feɗe ka ciro siraran jan ƙarfen, kamar 15 zuwa 20 masu tsawon santimita 20, ka murɗe tsakiyarsu ya zama gangar jiki, ƙasan ka baza shi saiwoyi, saman ka raba gida uku ka murɗa, kowanne ka sake raba shi biyu ka murɗa, haka har su ƙare a silli ɗaya ɗaya. Ka shafe jikin da fila da gam don murɗin ya ɓace. Ganyen soson katifa ne, ka yayyage shi ka jiƙa ka niƙa a tsohuwar bilenda da ba a amfani da ita, ka matse ka cuɗa da koren fenti da ɗan ruwan ƙasa, ka shanya, ka yi kore kala biyu ko uku don kala ɗaya yana fitowa kamar roba. Bishiyar mita 15 a lissafi santimita 27 ce, hannun riga zai yi ta kwashe ta, 10 zuwa 15 ya isa. Ka manna kowacce a kan washa ta ƙarfe don nauyi, dajin kuma ka yanka masa shimfiɗa daban ka ɗora bishiyoyin a sake, in runduna ta shiga sai a matsar da su, iyakar dajin dai tana nan a shimfiɗar ba gardama. Ciyawa garin katako ne da ka rina da koren fenti ka tankaɗe, dogayen kuma igiyar sisal da ka warware ka yanka guntu-guntu.

In wasanka na zamanin gaba ne ko na masana'antu to kai ka fi kowa sa'a, gwangwani mai layi-layi a jiki tankin mai ne tun daga kanti. Ka kife shi bakin mai kaifi ya koma ƙasa, ka cire takardar da gam ɗinta, ka goge da samfefa don fenti ya kama. Abin da ke sa a daina ganin gwangwani a fara ganin tanki shi ne abin da ke nuna girman mutum a jikinsa: ƙofa, tsani, baranda. Tsani na gaskiya tazarar matakansa kamar santimita 30 ce, a wurinka milimita 5 ko 6, da ashana ko waya. Bututun lemo mai lanƙwasa ya zama fayif, murfin kwalba ya zama ƙofar sama, kan ƙusa kuma ɗigon PVA ne da bakin tsinke a jere. Tsatsa da guntun soso ake yinta, ka dangwala ruwan ƙasa mai duhu a gefuna da wajen haɗi, ka bi da ɗan fenti mai launin ruwan lemo kaɗan a tsakiya, ka ja layin tsinkakken fenti ƙasa inda ruwan sama zai bi.

Sauran ƙananan dabaru da sauri. Kwali mai ramuka in ka ɗan jiƙa fuska ɗaya ka ɓare ta, kwanon rufi ne ya fito, ka nemi mai ƙananan layi. Ragar sauro ta taga in ka yanka ta a karkace ta zama shingen waya. Koren soson wanke tukunya shingen ganye ne, tabarmar goge ƙafa ta zaren kwakwa gonar alkama ce, tsohon tawul da ka shafe da gam ka taje ƙasa rufin ciyawa ne. Duk gidan da za ka yi kar ka manne rufinsa. Kogi kuma kar ka ce za ka zuba PVA mai kauri ya zama ruwa, fari zai zauna a ciki kuma ya tsuke, ka yanka shi gunduwa-gunduwa masu faɗi ɗaya a baki don su haɗu ta kowane gefe, ka yi fenti mai duhu a tsakiya mai haske a gaɓa, ka bi da banish mai sheƙi shafi uku ko huɗu.

Ka kula da kanka kuma. Reza in ta dakushe ta fi yanka mutum don sai ka danna, ka karya ta ka fito da sabuwa. In da waya mai zafi kake yankan fom ka buɗe taga, hayaƙin ba na shaƙa ba ne, ƙurar MDF ma ka sa takunkumi. Supa gulu in ya haɗu da auduga zafi yake yi har ya ƙona, kar ka goge shi da rigarka. In kana farke tsofaffin kayan lantarki don neman tarkace ka bar batir da manyan kafasito, ba naka ba ne.

Da ka gama fenti ka bi komai da banish marar sheƙi, don kayan nan hannu za su sha da ƙwayar ludo da ake jefawa. Wurin ajiya kuma tun kafin ka yanka bangon farko ya kamata ka auna akwatin da za su zauna, tsayin gininka mafi tsawo kar ya wuce zurfinsa. Kusurwoyin kango in girmansu ɗaya ne suna shiga cikin juna, guda shida su ci wurin biyu, bishiyoyi kuma akwatinsu daban don ganyen yana maƙalewa a yashi. Kwali ba ya shiri da damshi, to 'yan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalmi da na kayan lantarki kar ka zubar, ka jefa biyu ko uku a kowane akwati.